Solar Da Aka Kwance A Gidan Mai Takaba

Zuwa ga Manajan Shiyya na kamfanin da ke ba da sola a biya sannu a hankali a Talata Mafara, Bakura da Maradun.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, da fatan kana lafiya tare da iyali da ma'aikata, da haƙuri da jama'a.

Ranka ya daɗe, jiya ƙungiyar manoman rani da nake ciki a Bakura ta janye daga cinikin famfunan sola da ta kusa ƙullawa da ku. Ni na kai maganar gaban taro. Gara ka ji daga bakina, ka kuma ji dalili.

Hajara yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Mijinta, Malam Sani, manomi ne a Gidan Goga. Ya karɓi solarku mai ƙaramin firij domin ta riƙa sayar da ƙanƙara da zoɓo. Tsarinku shi ne duk wata a biya, ku turo lambobi ta layin mai kaya, a danna a jikin batir, wuta ta kawo. In ba a biya ba ta ɗauke. Saura wata uku ya gama biya 'yan bindiga suka tare shi a hanyar gona, suka kashe shi, suka tafi da babur da wayarsa. Iyalin suka dawo cikin Maradun da solar a kan amalanke. Da wannan firij ake ciyar da marayu huɗu.

1. Hajara tana takaba, ba ta fita, don haka ni na riƙa kai kuɗi wurin wakilinku. Ya ce mu ci gaba da biya kada yarjejeniya ta lalace kafin a canza suna. Wata biyu muka biya. Lambobin duka sun tafi wayar da ke hannun waɗanda suka kashe shi. Gidan bai ga wuta ba ko ta kwana ɗaya. A wata na uku muka tsaya, don firij da ba ya sanyi ba ya kawo kwabo.

2. Na je ofishinku neman canza layi. Aka ce sai mai kaya ya zo da kansa. Na ce ya rasu. Aka ce to, takardar mutuwa daga asibiti. Ranka ya daɗe, mutumin da aka ɗauko daga daji da hantsi, kafin la'asar an yi masa sutura an kai shi makwancinsa, kamar yadda addini ya ce. Wane asibiti? Na kawo shaidar maigari da ta limamin da ya sallace shi, ma'aikacinka bai ko karanta ba, ya ce kwamfuta ba ta san su ba. Duk wanda ya tsara wannan ƙa'ida bai taɓa halartar jana'iza a ƙauyen Zamfara ba, amma ya san hanyar kawo mana kaya.

3. Wannan ce ba zan yafe ba. Maza uku daga kamfaninku suka zo da tsani, suka shiga gidan mai takaba ba tare da neman wani namiji ya yi musu iso ba. Suka hau rufi suka kwance farantin solar, suka fito da firij, yara suna kallo. Ba a mayar mata da ko sisi daga abin da mijinta ya biya ba.

Ban yi hayaniya a ofishinku ba, ba kuma zan yi ba. Na san inda cinikinku yake. Bakura somin taɓi ce. Masu ban-ruwa na Tsibiri sun nemi in je in maimaita musu, mutanen Damaga ma haka. Ba na ƙara gishiri, abin da ya faru kawai nake faɗa, sannan in tambayi kowane magidanci a wayar wa lambobinsa za su faɗa ranar da ba ya nan. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Abin da nake nema: a mayar da solar da firij a ɗaura su inda aka cire su, a sanya sunan Hajara da layinta, a lissafa wata biyun da muka biya a duhu, a karɓi shaidar maigari da liman daga duk wadda irin wannan ya same ta, mutanen nan uku kuma su tsaya a ƙofar gida, daga waje, su ba ta haƙuri. Ranar da aka yi haka zan koma Bakura in faɗa da bakina. Kafin nan, kowace ranar kasuwa ina da wurin zuwa.

Allah ya ba ka ikon gyarawa, ya tsare iyalinka daga ranar da baƙi za su shigar musu gida da tsani.

An shaida mini cewa farantin yana kan rumfar wani mai shayi a nan Talata Mafara, an sayar masa a matsayin sabo. Tun yana raye Malam Sani ya karce sunansa da ƙusa a bayan farantinsa. Ban tabbatar ba tukuna. Ranar Talata zan je in duba.

Wassalam.

Ƙanen Hajara,
Talata Mafara.