Murfin da Na Zana

Bicester, 12 ga Disamba

Zuwa ga Babana abin ƙauna,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina fatan kana lafiya, gwiwar nan ta daina ciwo, Mama kuma ta warke daga murar da ta kama ta.

Ina mai alfaharin sanar da kai cewa ƙungiyarmu ta amince da zanena. Murfin injin motar tseren baɗi aikin ɗanka ne, wata shida kacal da karɓar digirinsa. Na matse shi ya yi siriri fiye da na kowa, domin iska ta zame a kansa ba tare da cikas ba. Alal haƙiƙa juyin juya hali ne a fagen nazarin iska.

Shugaban kanikawanmu, wani dattijo mai suna Clive, ya duba zanen yana kurɓar shayi, ya ce, "Farfesa, ka ɗinka wa mutum riga, ko ganinsa ba ka yi ba." Nufinsa ba mu muke ƙera injin ba, wani kamfani ne ke ba mu, kuma kamfanin yana da tasa ƙungiyar tseren. Na fahimtar da shi cewa kimiyya ba ta buƙatar gani da ido, tunda sun aiko mana da ma'aunai a takarda. Ya ce to, Allah ya sa.

Ka tanadi hutun Yuli. A tseren gida za ka zauna ka kalli aikina yana wucewa.

Ɗanka mai biyayya,
Rowan

3 ga Afrilu

Babana,

Ina gaishe ka da Mama, da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya. Ka gafarce ni da jinkirin amsa.

Injin ya iso a ƙarshen Janairu, an kuma matsar da bututun salansarsa milimita goma sha huɗu zuwa hagu, inda murfina bai bar masa wuri ba. Ƙungiyar kamfanin ta san da wannan tun Oktoba, domin masu ƙera injinsu da masu zana bodinsu a ɗakin abinci ɗaya suke cin rana. Wancan ya ce matsa mini nan, wannan ya matsa masa. Mu kuwa sai da akwati ya sauka a ƙofa muka sani.

Yanzu motar zafi take ɗauka. Sau biyu direbanmu yana fakawa a gefen hanya, hayaƙi na tashi a bayansa. Kai da ka shekara talatin a gareji za ka ce a buɗe a duba. Ba mu da iko, Baba. Injin da hatiminsa yake zuwa, da injiniyarsa da ke gadinsa, kwamfutarta na fuskantar bango don kada mu leƙa. Ka san ko wace ce? Imogen, 'yar ajinmu, wadda nake yi wa bayanin darasi a jami'a.

Na kai mata kofi, na roƙe ta ta nuna mini zafin cikin injin ko da sau ɗaya. Ta ce, "Rowan, kai da ka fi kowa ilimi? Ni fa lamba uku aka ce in ba ku, na ba ku." Da ta ga fuskata ta sassauta murya, ta ce ita ma ba kome ake gaya mata ba.

Ina ta lissafi a kan abin da ban gani ba. Ban san me zan gyara ba.

Naka,
Rowan

1 ga Yuli

Baba,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da Mama. Na gode da kek ɗin da ta aiko, kanikawa sun cinye shi tas kafin in ɗanɗana.

An yanke hukunci ranar Litinin. Hasashen yanayi ya nuna za a yi rana ranar tsere, shugabanni kuma sun ce gara mota mai jinkiri da ta kai ƙarshe da wadda za ta ƙone a gaban 'yan kallon gida. Na gabatar da hujjoji shafi tara. An saurare ni cikin mutunci har na gama, sannan aka ce a huda murfin domin zafi ya fita.

Kamfanin ya kawo sabon inji mai jure zafi, amma ƙwaya biyu ne kacal, na motocinsu biyu. Namu sai Satumba, in ji su.

Clive ya zo da injin yanka, ya tsaya a kaina. Na ɗauka tsiya zai yi mini. Sai ya miƙo mini alkalami ya ce, "Ɗana, kai ka san inda zai fi yi wa murfin sauƙi. Zana, ni in yanka." Na zana. Layin farko ya karkace, ya goge da babban yatsansa, na sake zanawa. Rami shida a hagu, huɗu a dama. Duk abin da na ribato cikin wata bakwai, a minti ashirin ya zama ƙura a ƙasa, ni kuma na share.

Tikitinka na cikin ambulan ɗin nan. Na so in ce kada ka zo, na kasa. Motarmu za ta tashi daga sahun baya, kuma ba na jin za ta wuce kowa. Idan ta zo daidai inda kake, ka dubi bayan kan direba. Ramukan nan goma, ni na auna su, kuma sun daidaita.

Ka zo da hula, rana za ta yi zafi.

Ɗanka,
Rowan