Ɗigon Azahar

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Baba, ya yaran? Mu ma lafiya, sai batun idon 'yata, takwararki.

Kin san jan tabon da aka haife ta da shi a gefen fuska. Likita ta ce jijiyoyin jini ne suka cunkushe, har sun hana ruwan idon hagu fita, shi ya sa idon ya fi ɗan'uwansa girma, yana ta hawaye. Ta ba mu maganin ɗigawa sau uku a rana. Wata biyu ke nan, awon matsin ruwan idon bai sauka ba. Ta tambaye ni ko muna tsallakewa, tana kallona ta saman tabarau.

Yaya, na safe da na yamma ni nake sa mata. Na azahar ina shagon ɗinki, surukata Inna ce ke sawa. Ita kuwa tun farko cewa take tabo ne kawai, a bar yarinya ta huta. Na ja layi da biro a jikin kwalbar. Maganin yana raguwa, amma wa ya san inda yake zuwa? Ban gaya wa babanta ba, kin san shi da uwarsa.

Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Ina fata kuna lafiya. Jiya na rufe shago da wuri, na laɓe bayan labulen falo kamar ɓarauniya.

Inna ta kwantar da yarinyar a cinya, tana lallashinta. Ta laluba fuskar da yatsa, ta matsa kwalbar. Ɗigon ya sauka a kunci. Ta sake, ya gangara kunne. Ta shafa kanta ta ce, "Yawwa, ya shiga." Yaya, Inna ba ta gani sosai, kuma ba wanda ta gaya wa.

Yau na kai su asibiti su biyun. Likita ta ce ko da maganin ya shiga, da wuya a kauce wa tiyata. An sa ranar Laraba. An auna Inna ma, saura kaɗan idon dama ya tafi.

A hanya ta riƙe hannuna tana neman gafara. Ni ce ya kamata in nema, amma dole sai na fara gaya mata abin da na zarge ta da shi tukuna, kuma bakina ya kasa.

Ki zo kafin Laraba. Ki gaida Baba.

Ƙanwarki,
Auta