Maƙogwarona Ya Shiga Tsakanin Ɗana da Jikata

Uwargida Smaranda, ki taimaki tsohuwa da shawara, abin alfaharina ne ya zame mini ciwon kai. Ni aji huɗu na yi a makaranta, amma Allah ya ba ni likita biyu a gida ɗaya: ɗana Octavian, shugaban sashen da ake kwantar da waɗanda ciwo ya kai su gargara a asibitin garinmu, da 'yarsa Ilinca da ke aiki a ƙarƙashinsa. Maƙwabciyata ta daina tambayata lafiyarsu, don ta san in na fara sai miyarta ta ƙone.

Aikinsu, in numfashin mutum ya gaza, su zura masa bututu ta baki zuwa maƙogwaro su haɗa shi da inji. Octavian da wani lanƙwasasshen ƙarfe mai fitila yake leƙawa, wai ido da hannu ba sa neman caji. Ita kuwa nata mai kyamara ne, tana kallon hanyar a ɗan allo kamar mai kallon talabijin. Ran Lahadi in mun dawo daga coci na sauke tuwon masara da naɗin kabeji, nan za su fara. Ya ce mata 'yar wasan waya, ta ce masa Baba maƙeri. Kuma da ni suke misali: Kaka buɗe baki, Mama ɗaga haɓa. Abu ɗaya suka taɓa yarda a kai, wai wuyana gajere ne kuma ya ƙage. Marigayi mijina dai ya zauna da wuyan nan har ya koma ga Allah bai yi ƙorafi ba.

Da sanyin bara ciwon huhu ya kayar da ni, aka kai ni sashensu. Su ba su taɓa ni ba, don likita ba ya yi wa na gida. Wani matashi da Octavian ya koyar ne ya karɓe ni. Ni ban san inda kaina yake ba. Daga baya Ilinca ta faɗa mini ya gwada da ƙarfen sau biyu bai ga hanya ba, iska na ta raguwa a jinina, sai da aka aro mai kyamara daga ɗakin tiyata sannan bututun ya shiga. Octavian bai sani ba. Ya ƙi buɗe takardun jinyata, ya ce a kaina shi ɗa ne ba likita ba, kuma ba wanda ya iya tararsa da zancen. Har yau yana bugun ƙirji cewa hannun da ya horar ne ya cece ni.

To yanzu za a zauna a yanke wanne daga cikin kayan biyu za a riƙa fara ɗauka a sashen. Ilinca na son ba da labarina a taron, ta ce sai da izinina. In na ba ta, na kunyata ɗana gaban yaransa. In na hana, ina tunanin wata tsohuwar mai irin wuyana da za a iya kawowa gobe. Kuma kada in ɓoye miki, ina ɗan son a ambaci maƙogwarona a taron manya.

Tsohuwa mai gajeren wuya, daga wajen Sibiu

Kaka, barka da tashi, kuma barka da wannan gida.

Wanne ƙarfe ya fi, wannan na likitoci ne, ba nawa ko naki ba. Amma su biyun ba wanda ya yi wauta. Jikarki na son bututu ya shiga a gwajin farko, don wanda ya galabaita ba shi da iskar jiran na biyu. Ɗanki na tsoron ranar da jini ko majina zai rufe kyamara, yaran kuma ba su iya da ido ba. Alfaharinsa ma ba ƙarya ba ne: yaron da ya san ya tsaya bayan gwaji biyu ya nemi wani kayan, wani ne ya koya masa hakan.

Ki ba da izini, amma da sharaɗi: ɗanki zai fara ji, a ɗakin girkinki, daga bakinki, ba Ilinca a wurin. Abin da zai yi masa ciwo ya wuce zancen ƙarfe. Zai gane ya kusa rasa uwa, kowa ya sani ban da shi. Wannan ba labarin da mutum zai ji a gaban ma'aikatansa ba ne. Ki bar shi ya yi fushinsa, ya buɗe takardun ya karanta da kansa. In ya huce, ki tambaye shi ko zai so shi ya kai zancen taron, 'yarsa na gefensa.

Sunanki kuwa ki haƙura, a ce wata majinyaciya kawai. Duk da haka kada ki kai Lahadi ba ki faɗa masa ba, don labarin da asibiti guda ya sani ba ya daɗewa bai isa kunne ba. Allah ya ƙara lafiya, ya bar miki su biyun.

Smaranda