Ni Ne Nake Lalata Motar, Ba Makaniken Ba

Assalamu alaikum mai wannan shafi da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kada a yi saurin zagina. Da hannuna nake rubuta wannan, sai da na manyanta na shiga ajin yaƙi da jahilci, in an ga kuskure a yi haƙuri.

A shekarar da aka cire tallafin man fetur matata ta rasu. 'Ya'yanmu biyu mata ne, suna gidajen mazajensu nesa da Lafia inda nake zaune. Ina da tsohuwar ƙaramar mota mai ƙofa a baya, ina ɗaukar fasinja zuwa Shabu. In na dawo gida ba mai ce mini sannu da zuwa. Har rediyo nakan bari a kunne in zan fita, don kada in tarar da ɗakin shiru.

Wata rana famfon mai ya mutu, motar ta tsaya a hanya. Aka tura ni wurin wani dattijon makanike mutumin Keana, zan kira shi Oga Bulus. Kafin a samo famfo na yi kwanaki ina zama a garejinsa ƙarƙashin mangwaro. Mu ci gasasshiyar doya da manja, ya miƙo mini kwalin kayan mota ya ce in karanta masa, in na yi tuntuɓe ya yi dariya ya ce ɗan makaranta mai furfura bai yi aikin gida ba. Rabona da dariya irin wannan tun kafin rasuwar. Da aka gama gyara na rasa dalilin komawa. Mutum da shekarunsa zai je wurin sana'ar wani ya ce hira ya zo? Kunya ta hana ni.

Na riga na ga sukurun da yake murɗawa a jikin kafireta. Sai na murɗa shi da kaina, motar ta fara tari tana baƙin hayaƙi, na koma. Ya saita, na sake murɗawa. Da na ga aikin ba ya ɗaukar lokaci, sai na fara cusa guntun leda a tiyon da ke kai mai daga famfo zuwa kafireta, ta yadda za ta yi tafiya kaɗan ta shaƙe. In zai ɗan fita ba ya zargin komai, shi dai ya bar ni da motar, ni kuma in zare ledar kafin ya kai ga tiyon. Ya wanke kafireta, ya canza ta da ta Beljiyam, wato ta hannu, ya sake canza famfo, ya sauke tanki ya wanke. Ya daina karɓar ladan aiki, wai ba ya cin kuɗin ciwon da bai warkar ba. Ni kuwa ina zaune ina kallonsa yana zuƙar fetur da baki yana tofarwa. Wane irin mutum ne ni?

Abin da ban hango ba shi ne direbobin tasharmu. Kullum suna ganin motata a garejinsa baki buɗe. Suka fara cewa tsoho ya gama yayi, mota ɗaya ta gagare shi. Ɗaya bayan ɗaya suka kwashe motocinsu suka kai wa samari masu na'urar gano ciwon mota. Ina jin maganar a tasha, ban taɓa buɗe baki ba. Na daina taɓa motar, amma maganar ta riga ta zauna.

Makon jiya na same shi yana ɗaure sifanoninsa a buhu. Ya ce ɗansa ya daɗe yana kiransa ya dawo Keana ya huta, yanzu ya yarda, ƙarshen wata zai tafi. Na ce ai mota ta warke. Ya girgiza kai.

"Malam, motar nan shi ya warke da kansa, ba ni ba," in ji shi. "Tun ina yaro kunnena yake gaya mini ciwon inji. Yanzu ba na ji. Ka yafe mini, na ɓata maka lokaci."

Shi ne yake neman gafarata. Na ce ba komai, na shiga mota na tafi.

Na yi asarar lafiyayyar kafireta da famfo ɗaya. Shi ya yi asarar kwastomominsa, da sunansa a tasha, da yardar da yake yi wa kunnensa. In na faɗa masa gaskiya zai san hannunsa bai mutu ba, wataƙila ya fasa tafiya, amma ba na jin zai sake kallon fuskata. In na yi shiru zai tafi yana ɗaukata aboki, yana ɗaukar kansa wanda ya ƙare. Ko ta wace hanya ba ni da shi. Jama'a, ƙarshen wata ya matso. Me zan yi?