Shirun injin burtsatse

Daren Laraba, tsakiyar bazara, Sandamu

Alhamdulillahi, injin burtsatsen lambu bai ƙone ba.

Tun hantsi makiyaya suka sauko da shanu daga wajen Kongolam. Ni kuwa ban gaji hana dabba ruwa ba, sai na bar famfo yana ta zuba. Da azahar inji ya yi tsit. Ga shi albasata ba ta jure ƙishi a wannan zafi.

Na kira Sani mai gyaran sola, don da hasken rana injin yake aiki. Ya ce, "Baba, me inbata ta nuna?" Na duba akwatin da ke ba injin wuta, na ce jar wuta. Ya yi dariya. "Ruwa ne ya ja ƙasa. 'Yar na'urar da muka zura a rijiya ce ta tsayar da injin, kada ya juya a bushe. Ka ɗan jira."

Na'urar nan ce fa wadda ranar haɗa injin Sani ya ce ba dole ba ce, nafila ce. Matata Hajiya ta nace a sa, wai tsoho da nafila ake saninsa.

Bayan la'asar ruwa ya dawo, albasa ta sha ta ƙoshi. Da dare na ba Hajiya labari. Tuwo kawai ta ƙara mini, tana murmushi.