Masu Ɗakin Sanyi a Gidan Kawunka

Angona,

Canko mini wannan: su wa ba sa gaisuwa, ba sa zuwa aike, amma aka ba su ɗaki mai iyakwandishan?

Ya mamanka da ƙannenka? Ni lafiya lau, sai ɗan ƙurajen zafi a wuya.

Kawunka ya ciro iyakwandishan daga ɗakina ya kai wa shafaffun nan, wai zafin fitilu na dafa su. Na ce, ni fa? Ya ce, "Inna, ke ba kya yaushi." Jiya na ja tabarmata cikin ɗakinsu, ya fito da ni, wai buɗe ƙofa na zubar da sanyi. Ni da na goya shi!

Ka aiko mini da maficina. Allah ya yi maka albarka, ko ba ka canka ba.

Amsar: latas ne, wanda kawunka yake nomawa a ɗaki.