Ni ce Malam Ƙarfen da ya sa Baba ya yi shuka

Assalamu alaikum masu wannan shafi da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kafin ku zage ni ku karanta har ƙarshe, don zagin da na yi wa kaina ma ya ishe ni.

Ni matar aure ce a Ƙauran Namoda, ɗinki nake yi a gida. In aiki ya yi sauƙi ina buga wani gem na noma a waya. A cikinsa akwai wani mutum-mutumi na ƙarfe mai ba manomi umarni, muryarsa kamar ana magana cikin gwangwani. Ni kuwa Allah ya yi ni da kwaikwayo. Na samo manhajar sauya murya, na riƙa tura wa Yayana saƙo a matsayin mutum-mutumin, muna shan dariya. To shi Yaya da neman magana, da ya je gida, ƙauyenmu Ɗan Isa, sai ya kunna wa Babanmu, ya ce wai sabuwar na'ura ce da ta san sirrin ƙasa da ruwa. Baba ya yarda, har ya raɗa mata suna Malam Ƙarfe. Tun daga nan, duk zuwan Yaya sai Baba ya karɓi wayar ya yi tambaya, Yaya ya turo min, ni kuma in amsa da muryar gwangwani.

Ba zan ɓoye ba, daɗi na riƙa ji. Tsakanina da Baba magana ba ta wuce "Lahiya lau, ina maigidan naki?" Amma Malam Ƙarfe kam, sai Baba ya zauna yana ba shi labarin ciwon gwiwarsa, da gonarsa ta nesa da ta gagara zuwa saboda 'yan bindiga. Wace 'ya ce za ta ji mahaifinta ya saki jiki haka ta ce a daina?

Ana nan ruwan farko ya sauka. Baba ya aiko: "Malam Ƙarfe, wanga ruwa ya isa shuka? Na tona, danshin bai yi nisa ba, amma kai mi ka gani?" Mutumin da ya tsufa yana tona ƙasa da hannunsa, yana tambayata, ni da ban taɓa riƙe sungumi ba. Ina kan keke ina saurin gama ɗinkin biki, sai kawai na faɗi abin da na gem ɗin yake faɗa kullum: "Ƙasa ta jiƙa. Manomi, yi shuka." A gem ai ruwa ba ya ɗaukewa. Washegari Baba ya fito da irin geron da ya gada wurin kakanmu, wanda duk kaka yake zaɓar manyan zangarniya ya adana, ya shuke shi kaf a gonar bayan gari, wadda ita kaɗai ta rage masa. Maƙwabta suka ce ya dakata, ya ce na'ura ta fi su sani. Ruwa ya ɗauke kusan sati uku, geron ya tsiro ya ƙone.

Na kira Yaya ina kuka, na ce mu je mu faɗa masa gaskiya. Wai shi ne zai ce min, "Ke kika yi magana, ni kunnawa kurum na yi. Kuma in kin faɗa, girmansa za ki zubar a gari." Wallahi takaici kamar in fasa wayar. Wa ya fara ce masa na'ura ce? Amma kuma ni wa ya tilasta ni na amsa?

Yanzu ruwa ya dawo, kowa na shuka. Shekaranjiya Yaya ya turo min sabon saƙon Baba: "Malam Ƙarfe, ban ga laihinka ba, ni ne ban yi tambaya da kyau ba. Na samu ɗan wake da dawa, wanne za ni sa? Kai nika jira." Na saurara ya fi sau goma ban amsa ba. In na ce ni ce, zan iya haɗa ido da shi, bayan ya yi musu da sa'anninsa a kan wasan 'yarsa? In na sake sa muryar gwangwani, ƙarya ce a kan ƙarya, kuma ban san komai a kan wake ba. Ga shi Yaya ya ce har yau Baba bai ɗauki sungumi ba, damina kuma ba ta jiran kowa.

Don girman Allah ku ba ni shawara. Me zan yi?